Injin wasan bidiyo

Injin wasan bidiyo manhaja ce da ake amfani da ita wajen ƙirƙirar wasannin bidiyo, waɗanda a baki ake ce wa gem. Injin yana tattara ayyukan da kusan kowane wasa yake buƙata, kamar zana hotuna a allo, da fitar da sauti, da karɓar umarni daga maɓallai ko taɓin yatsa, da lissafin motsin abubuwa da karonsu, domin kada mai ƙirƙira ya riƙa rubuta su daga tushe duk lokacin da zai fara sabon wasa. Daga cikin injinan da suka fi shahara akwai Unity da Unreal Engine da Godot da GameMaker. Bayan su akwai ƙananan kayan aiki da ake kira firemwok, irin su MonoGame da LÖVE da Phaser da Pygame, waɗanda tubalin gini kawai suke bayarwa, sauran aikin kuma a bar wa mai rubuta kod.

Zaɓin inji na daga cikin shawarwarin farko da mai son shiga wannan sana'a yake yankewa. Shi ne yake ƙayyade yaren kwamfutar da zai koya, da irin kwamfutar da zai buƙata, da na'urorin da wasansa zai iya aiki a kansu, da kuma kason da zai biya idan wasan ya kawo kuɗi. Sauya inji bayan aiki ya yi nisa yakan tilasta a sake rubuta mafi yawan kod ɗin.

Tarihi

A shekarun 1970 da 1980, yawancin wasanni ana rubuta su ne daga farko har ƙarshe domin na'ura guda ɗaya, galibi da yaren da ya fi kusa da na'urar. Da wuya a ɗauki kod ɗin wani wasa a yi wani da shi, saboda ma'adanar na'urorin ƙarama ce, kuma kowace na'ura da tsarinta. Duk da haka an samu wasu kamfanoni da suka fara raba kod da abin da ke cikin wasa. Kamfanin Lucasfilm Games ya samar da tsarin SCUMM domin wasan Maniac Mansion na 1987, ya kuma sake amfani da shi a wasanni da dama, ciki har da The Secret of Monkey Island na 1990.

Kiran irin wannan manhaja da sunan inji ya bazu ne a tsakiyar shekarun 1990, bayan fitowar wasan Doom na kamfanin id Software a 1993. John Carmack, babban mai rubuta kod na kamfanin, ya tsara wasan ta yadda taswirori da hotuna da sautuka suke cikin fayil ɗinsu daban da na injin. Wannan ya sa 'yan wasa suka iya ƙera nasu matakan, kuma kamfanin ya iya ba wasu hayar injin. Da shi aka yi Heretic a 1994 da Hexen a 1995. Injin Quake na 1996 shi ne tushen wanda kamfanin Valve ya gyara ya yi Half-Life a 1998. A wannan shekarar ce kuma Epic Games ya fitar da wasan Unreal, wanda Tim Sweeney ya rubuta mafi yawan injinsa.

A wancan zamani lasisin inji yana da tsada ƙwarai, sai manyan kamfanoni. Lamarin ya fara sauyawa da fitowar GameMaker a 1999 da Unity a 2005, sannan Microsoft ya fitar da XNA a 2006 domin ɗalibai da masu aiki su kaɗai. A 2009 Unity ya samar da siga ta kyauta, a 2014 aka buɗe kod ɗin Godot ga kowa, a 2015 kuma Epic ya soke kuɗin wata-wata na Unreal Engine 4 ya ci gaba da karɓar kaso daga ciniki kawai. Daga nan kayan aikin da manyan kamfanoni suke amfani da su suka zama abin da duk mai kwamfuta da intanet zai iya saukewa.

Yadda inji yake aiki

Kowane wasan bidiyo yana tafiya ne a kan abin da ake kira zagayen wasa. A kowane zagaye, manhajar tana duba abin da ɗan wasa ya danna, ta lissafa sabon matsayin duk abin da ke cikin wasan, sannan ta zana sabon hoto a allo. Wasan da yake nuna hoto 60 a daƙiƙa ɗaya dole ya kammala wannan aiki duka cikin abin da bai kai kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Idan ya gaza, hoton zai riƙa tsinkewa.

Na'urori ba gudunsu ɗaya ba, shi ya sa injina suke auna lokacin da ya wuce tsakanin hoto da hoto. Idan aka ce mota ta matsa taku biyar a kowane hoto, to za ta yi gudu ninki biyu a wayar da take nuna hoto 60 a kan wadda take nuna 30. Idan kuwa aka ce ta matsa taku 300 a daƙiƙa, aka kuma ninka wannan da lokacin da ya wuce, gudunta zai zama iri ɗaya a wayoyin biyu.

Manyan sassan inji sun haɗa da:

Sashen zane, wanda yake aika umarni ga katin hoto ta hanyar tsare-tsare irin su OpenGL da Vulkan da DirectX da Metal.

Sashen fiziks, mai lissafin nauyi da faɗuwa da karo. Box2D, wanda Erin Catto ya rubuta, shi ne aka yi amfani da shi a wasan Angry Birds na 2009, kuma injina da yawa sun ɗauke shi domin wasannin 2D.

Sashen sauti, mai haɗa kiɗa da ƙararraki, da rage su ko ƙara su gwargwadon nisan abin da ya yi ƙarar.

Sashen shigar da umarni, wanda yake fassara dannin allon rubutu da linzami da hannun wasa da taɓin yatsa.

Edita, wato tagar da mai ƙirƙira yake jera abubuwa da linzami, yana ganin yadda matakin wasan zai kasance kafin ya kunna shi.

Sashen fitarwa, wanda yake mayar da aiki guda ya zama fayil ɗin Android ko Windows ko shafin intanet.

Inji da firemwok da laburare

Laburare tarin kod ne mai yin aiki ɗaya ko 'yan ayyuka kaɗan, wanda mai rubuta kod yake kira idan ya buƙata. Misalinsa SDL, wanda Sam Lantinga ya fitar a 1998, mai buɗe taga da karɓar dannin maɓalli da fitar da sauti. Firemwok ya ɗara haka, domin yana zuwa da zagayen wasa a shirye da hanyoyin loda hoto da sauti, amma yawanci ba shi da edita. Inji kuma yana da wannan duka, haɗe da edita da fiziks da tsarin fitarwa.

Da inji, sabon shiga zai iya ganin abu yana motsi a allo cikin awa ɗaya, sai dai dole ya bi tsarin da injin ya shimfiɗa, kuma akwai ɗimbin maɓallai da tagogi da zai koya. Da firemwok, farawa tana da jinkiri, tun da hatta kyamara da karon abubuwa shi zai rubuta, amma zai fahimci abin da ke gudana a ƙarƙashi, kuma fayil ɗin wasansa yakan zama ƙarami.

Manyan injina

Unity

David Helgason da Nicholas Francis da Joachim Ante ne suka kafa kamfanin da ya samar da Unity a birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak. Injin ya fito a 2005 domin kwamfutocin Mac kaɗai, daga baya ya faɗaɗa zuwa Windows da wayoyi da na'urorin wasa. Ana rubuta kod ɗinsa da yaren C#, yana kuma yin wasannin 2D, masu tsawo da faɗi, da na 3D, masu tsawo da faɗi da zurfi. Da shi aka yi Pokémon Go da Hollow Knight da Cuphead da Among Us da Genshin Impact. Ya fi ƙarfi a fagen wasannin waya, yana da kasuwar sayar da hotuna da kod da aka riga aka shirya, kuma darussansa sun yawaita a intanet. Tun fitowar Unity 6 a 2024, sigar kyauta ta halatta ga wanda kuɗin shigarsa ko jarinsa bai wuce dala 200,000 a shekara ba. Wanda ya wuce haka zai sayi lasisi.

Unreal Engine

Wannan injin na kamfanin Epic Games ne da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Siga ta 5 ta fito a watan Afrilun 2022, da fasahar Nanite mai nuna siffofi masu ɗimbin bayanai, da Lumen mai lissafin yadda haske yake bazuwa. Ana aiki a cikinsa da yaren C++, ko da tsarin Blueprint inda ake haɗa akwatunan umarni da layuka maimakon rubutu. Da shi aka yi Fortnite, kuma masu shirya fina-finai suna amfani da shi wajen samar da bango, kamar yadda aka yi a shirin The Mandalorian. Saukewa kyauta ne. Epic yana karɓar kashi 5 cikin 100 na cinikin wasa bayan ya haura dala miliyan 1. Misali, wasan da ya kawo dala miliyan 1.5 zai biya kashi 5 na dala 500,000 da suka hau, wato dala 25,000. Injin yana cin gigabayit masu yawa, yana kuma buƙatar kwamfuta mai katin hoto na musamman, don haka ba kasafai ake zaɓarsa domin ƙaramin wasan waya ba.

Godot

Juan Linietsky da Ariel Manzur, 'yan ƙasar Ajantina, su ne suka fara Godot, suka kuma sake shi a 2014 a ƙarƙashin lasisin MIT. Wannan lasisi ya ba kowa damar amfani da injin, da gyara shi, da sayar da wasan da ya yi ba tare da biyan komai ba. Ana gina wasa a cikinsa da ƙananan guntaye da ake kira nod, kowanne da aikinsa, kamar nuna hoto ko gano karo ko kunna sauti, a jera su kamar rassan bishiya su zama fage. Babban yarensa shi ne GDScript, wanda ya yi kama da Python, yana kuma karɓar C#. Siga ta 4 ta fito a watan Maris na 2023. Editansa fayil ɗaya ne da bai kai megabayit 200 ba, ba ya buƙatar girkawa ko buɗe asusu, kuma akwai sigarsa mai aiki a wayar Android. Wasannin Brotato da Dome Keeper da Cassette Beasts da shi aka yi su. Ba ya fitar da wasa kai tsaye zuwa PlayStation ko Xbox ko Nintendo Switch, saboda kayan aikin waɗannan kamfanoni na sirri ne, ba a sa su cikin buɗaɗɗiyar manhaja. Wasu kamfanoni ne daban suke yin wannan aiki a biya su.

GameMaker

Mark Overmars, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Utrecht da ke Holan, shi ya fitar da GameMaker a 1999. Daga baya ya koma hannun YoYo Games a birnin Dundee na Sukotland, wanda kamfanin Opera ya saya a 2021. Injin na wasannin 2D ne. Ana iya farawa da ja da ajiye akwatunan umarni, sannan a koma yarensa mai suna GML. Da shi aka yi Hotline Miami da Undertale da sigar farko ta Spelunky. Tun watan Nuwamban 2023 kyauta ne ga wanda ba zai sayar da wasansa ba.

Kayan aikin da ba sa buƙatar rubuta kod

Scratch, wanda ƙungiyar Mitchel Resnick ta Cibiyar Fasaha ta Massachusetts ta fitar a 2007, an yi shi ne domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Ana haɗa umarni kamar yadda ake jera bulo, kuma an fassara shi zuwa harsuna sama da 70, har da Hausa. Ba a yi shi domin wasannin kasuwa ba, amma yana koyar da sharaɗi da maimaici da ma'ajin ƙima, waɗanda ake tararwa a kowane yaren kwamfuta.

Construct 3 na kamfanin Scirra da ke Ingila yana aiki a cikin burauza. GDevelop kuma, wanda Florian Rival ɗan Faransa ya fara, buɗaɗɗiyar manhaja ce. Dukansu suna amfani da jadawalin sharaɗi da aiki. A hagu a rubuta sharaɗi, misali idan harsashi ya taɓa abokin gaba, a dama kuma a rubuta abin da zai biyo baya, wato a goge shi a ƙara maki.

Akwai kuma kayan aikin da aka yi domin nau'in wasa guda. RPG Maker, daga Japan, na wasannin yawo da labari ne, da shi aka yi To the Moon a 2011. Ren'Py na labarai ne masu hoto da zaɓi, Twine kuma, wanda Chris Klimas ya fitar a 2009, na labaran rubutu ne masu rassa. Roblox Studio yana amfani da yaren Luau, sai dai wasan da aka yi da shi a dandalin Roblox kaɗai yake aiki.

Sanannun firemwok

MonoGame ya gaji XNA bayan Microsoft ya daina kula da shi a 2013, kuma da C# ake rubuta shi. Eric Barone ya yi Stardew Valley shi kaɗai da XNA cikin fiye da shekara huɗu, ya fitar da shi a 2016, daga baya aka mayar da wasan kan MonoGame. LÖVE yana amfani da yaren Lua, da shi aka yi wasan kati na Balatro a 2024. Phaser, na Richard Davey, na wasannin burauza ne da yaren JavaScript, kuma a kansa aka fara Vampire Survivors kafin a mayar da shi Unity. libGDX na masu yaren Java ne, da shi aka yi Slay the Spire. Pygame, wanda aka gina a kan SDL tun shekarar 2000, ya zama ruwan dare a azuzuwan koyon Python. raylib kuma na yaren C ne, Ramon Santamaria ya fara shi a 2013 domin koyar da ɗalibansa.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓi

Nau'in wasa. Wasan dara ko na kati ko na kacici-kacici ba ya buƙatar injin da aka gina domin manyan duniyoyin 3D. Godot ko GameMaker ko GDevelop ko wani firemwok sun wadatar. Wasan 3D yana ƙara wasu ayyuka a kan mai ƙirƙira: sassaƙa siffofi, da sa musu ƙashi domin su motsa, da tsara haske da kyamara. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin darussan farko suke somawa da 2D.

Na'urar da za a buga wasan. Wasan da ake son ya yi aiki a ƙananan wayoyin Android dole ya zama mara nauyi, ya kuma yi tattalin ma'adana da batir. Injin Defold, mai amfani da Lua, ya yi suna wajen fitar da ƙananan fayiloli. Fitar da wasa domin iPhone yana buƙatar kwamfutar Mac da manhajar Xcode. Na'urorin wasa kuma sai an samu amincewar Sony ko Microsoft ko Nintendo.

Kwamfutar mai ƙirƙira. Injin da ya fi ƙarfin kwamfuta yakan sa kowane ƙaramin gwaji ya ɗauki mintuna, ga zafi da shan batir. A inda wutar lantarki ba ta tsayawa ko data take da tsada, girman abin da za a sauke da yiwuwar yin aiki ba tare da intanet ba suna da muhimmanci. Godot da LÖVE da Pygame da raylib suna aiki a tsofaffin kwamfutoci, kuma ba sa neman a shiga asusu.

Yaren kwamfuta. Wanda ya riga ya san Python zai ga GDScript da Pygame da Ren'Py da sauƙi. Mai gina shafukan intanet ya riga ya san yaren Phaser. C# da C++ da JavaScript ana neman masu su a wasu ayyukan da ba na wasa ba, yayin da GML da GDScript a injinansu kaɗai suke aiki. Duk da haka, dabarun da aka koya a inji ɗaya, kamar zagayen wasa da gano karo da lissafin motsi, suna amfani a sauran.

Darussa da masu taimako. Sabon shiga yakan ɓata lokaci mai yawa yana neman dalilin wani kuskure a kod. Injin da mutane da yawa suke amfani da shi ya fi yiwuwar a samu wanda ya taɓa cin karo da irin matsalar. Ana kuma lura da sigar da darasi yake magana a kai, domin darasin Godot 3 ba ya tafiya daidai a Godot 4, an canza sunayen umarni da yawa.

Rubutu da haruffa. Ba kowane salon haruffa ne yake da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, kuma idan babu su wasan yakan nuna akwati ko gurbi a wurinsu. Haruffan Noto na Google da Andika na ƙungiyar SIL suna da su, kuma lasisinsu ya halatta a sa su cikin wasa. Rubutun ajami da na Larabci yana buƙatar injin da ya iya jera haruffa daga dama zuwa hagu ya kuma haɗa su. Godot ya samu wannan a siga ta 4.

Lasisi da rikicin Unity na 2023

Injina suna samun kuɗi ta hanyoyi daban-daban: kuɗin wata ko na shekara, ko biya sau ɗaya, ko kaso daga ciniki, ko gudummawar jama'a kamar yadda Godot yake yi. Sharuɗɗan injin kamfani suna iya canzawa bayan mutum ya shafe shekaru yana aiki da shi.

A ranar 12 ga Satumban 2023, Unity ya sanar da cewa daga watan Janairun 2024 zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowace girkawar wasa, har zuwa santi 20 na dala, da zarar wasan ya wuce wani adadi na ciniki da na girkawa. Ga masu sigar kyauta adadin shi ne dala 200,000 cikin wata 12 da girkawa 200,000. Tsarin zai shafi har wasannin da suka riga suka fito. Masu wasannin waya na kyauta, waɗanda abin da suke samu daga kowane ɗan wasa kaɗan ne, sun nuna cewa kuɗin zai iya cinye ribarsu. Wasu kuma sun tambayi yadda kamfanin zai ƙirga girkawa, da yadda zai bambanta ta gaskiya da ta satar fasaha.

Kamfanin Mega Crit ya mayar da Slay the Spire 2 daga Unity zuwa Godot. Re-Logic, masu wasan Terraria, sun ba Godot da FNA gudummawar dala 100,000 kowannensu. Cikin kwana goma Unity ya sassauta tsarin, a watan Oktoba shugabansa John Riccitiello ya sauka, a watan Satumban 2024 kuma sabon shugaba Matt Bromberg ya soke kuɗin gaba ɗaya. Tun daga lokacin masu ƙirƙira suka ƙara mai da hankali ga karanta lasisi, musamman ko yana ba su damar ci gaba da tsofaffin sharuɗɗa muddin ba su sabunta sigar injin ba.

Sauran kayan aiki

Inji ba ya zana hoto ko tsara kiɗa. Domin zanen 2D ana amfani da Krita da GIMP da Inkscape, dukansu kyauta, ko Aseprite domin zanen ɗigo-ɗigo irin na tsofaffin wasanni. Domin 3D akwai Blender, wanda Ton Roosendaal ɗan Holan ya fara, aka kuma buɗe kod ɗinsa a 2002 bayan masu amfani da shi sun tara kimanin yuro 100,000. Audacity na naɗar sauti da gyara shi ne, Tiled kuma na zana taswirar matakai. Hotuna da kiɗan da aka samo a intanet su ma suna da lasisi. Wanda yake ƙarƙashin CC0 ana iya amfani da shi ba sharaɗi, CC BY kuma sai an ambaci mai shi.

Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, yana adana tarihin duk canjin da aka yi wa aiki. Idan sabon gyara ya lalata wasa ana iya komawa baya, idan kuma an ajiye kwafi a dandali irin GitHub ko GitLab, aikin ba zai salwanta ba ko da kwamfutar ta lalace ko an sace ta.

Fitar da wasa

Dandalin itch.io, wanda Leaf Corcoran ya kafa a 2013, ba ya karɓar kuɗin ɗora wasa, kuma mai wasan ne yake zaɓar kason da zai bar wa dandalin. Steam yana karɓar dala 100 a kan kowane wasa, yana mayar da ita idan cinikin ya kai dala 1,000, sannan yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na ciniki. Asusun Google Play dala 25 ne sau ɗaya, na Apple kuma dala 99 a shekara. A 2021 kamfanonin biyu sun rage kasonsu zuwa kashi 15 cikin 100 ga ƙananan masu ƙirƙira.

Koyo da gwaji

Hanyar da aka saba bi ita ce a fara da kwaikwayon ƙaramin tsohon wasa, kamar Pong ko Snake ko Breakout, a kammala shi da allon farawa da maki da sauti. Masu koyarwa sukan ba da shawarar a yi wasa ɗaya a injina biyu ko uku, mako ɗaya kowanne, kafin a tsaya a kan guda. Matsalar da ta fi kayar da sababbin shiga ita ce ɗaukar aikin da ya fi ƙarfinsu, musamman wasan da mutane da yawa za su buga tare ta intanet, wanda yake buƙatar saba da tsaro da daidaita na'urori.

Akwai gasannin da ake ƙirƙirar wasa cikin ƙanƙanin lokaci a kan jigo ɗaya. Ludum Dare ta fara a 2002, Global Game Jam kuma a 2009, inda ake ba da awa 48. Sigar farko ta Celeste an yi ta ne cikin kwana huɗu a 2015 da ƙaramin tsarin PICO-8, kafin a faɗaɗa ta ta fito a 2018.

A Afirka

Yawancin masu buga wasanni a nahiyar da wayar Android suke yi, shi ya sa kamfanonin da ke can suka fi karkata ga wasannin waya. Eyram Tawia na Gana da Wesley Kirinya na Kenya sun kafa Leti Arts a 2009. Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a Legas a 2012, kamfanin kuma yana gudanar da shirin horar da matasa mai suna GameUp Africa. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba da ke Yawunde ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan domin kwamfuta a 2016.

Duba kuma

Wasan bidiyo
Yaren kwamfuta
Buɗaɗɗiyar manhaja
Android